Kafin Ciyaman Ya Hau Jirgin Koriya

A garin Chuncheon, babban birnin lardin Gangwon da ke Koriya ta Kudu, akwai wani gidan shan gahawa a bakin rafin Gongjicheon mai suna Ethiopia Bet, wato Gidan Habasha. Tun 1968 yake buɗe. Dab da shi akwai wani gini mai tulluwa uku, an yi su da siffar bukkokin karkarar Habasha, gidan tarihi ne na sojojin Habasha da suka yi yaƙin Koriya. Titin da ya ratsa wurin ma da sunan Habasha ake kiran sa. To amma sai a 2004 ne Chuncheon da Addis Ababa suka sa hannu a takardar ƙawancen birane. Mai karatu ya lissafa da kansa: shekara 36 ana soya gahawa ana sha kafin a ɗauko biro.

Wannan lissafin ne ya faɗo mini a rai ranar da wani abokina, ma'aikacin wata ƙaramar hukuma, ya biyo ta gidana bayan la'asar. Ko zama bai gama yi ba ya ce, "Malam, ciyaman namu fa ya ce lallai sai ya ƙulla ƙawance da wani gari a Koriya. Ni aka ce in rubuta wasiƙar." Na ce masa madalla, wane gari? Ya ce ba a tsayar ba tukuna, amma an riga an tsayar da mutum nawa za su tafi.

Ba na cikin masu cewa ƙawancen birane shirme ne. Na san inda ya haifi ɗa mai ido. Abin da nake ja a kai shi ne ta inda ake fara shi. Masu mulki sun ɗauka takardar ce ke haifar da zumunci, alhali duk wanda na sani ya yi ƙarko, zumuncin ne ya girma har ya kai ga an ce a rubuta shi don kada ya ɓata. Kuma idan ana maganar Koriya, wannan bambanci ya fi ko'ina muhimmanci, domin mutane ne da ke da tsarin gwada aboki kafin su saki jiki da shi.

Asalin abin ma ba daga ofis ya fito ba. A tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, matan birnin Coventry na Ingila, waɗanda jiragen Jamus suka rusa wa gari, sun ji labarin abin da ya sami Stalingrad a Rasha. Mata 830 suka ɗinka sunayensu a jikin wani mayafin tebur suka aika tare da ɗan abin da suka tara. A 1944 aka ƙulla biranen biyu. A Amurka kuwa Shugaba Eisenhower ne ya tura abin gaba a 1956, da tunanin cewa idan talakawan ƙasashe suka san juna zai yi wuya a sake ingiza su yaƙi. Koriya ta shiga sahu a 1961, lokacin da garin Jinju ya ƙulla da Eugene ta jihar Oregon, Incheon kuma ta ƙulla da Burbank ta California. A wannan shekarar, in aka raba arzikin ƙasar bisa kawunan mutanenta, abin da kowa zai samu bai kai dala 100 ba. Su ne masu karɓa a lokacin. Wannan ya kamata duk mai niyyar ƙwanƙwasa musu ƙofa ya riƙe a zuciya: akwai tsofaffi da ransu a Koriya da suka ci garin agaji, sun san ɗanɗanonsa, sun kuma san kamannin mai zuwa da ƙoƙon bara tun daga nesa.

Labarin Habasha ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. A 1935 Italiya ta Mussolini ta afka wa ƙasar. Sarki Haile Selassie ya tafi Geneva a 1936 ya tsaya gaban majalisar ƙasashen duniya ta wancan zamani, wadda ƙasarsa ke cikinta, ya kai kukansa. Aka saurare shi aka watse, ba wanda ya aiko da soja ko ɗaya. Da yaƙi ya ɓarke a Koriya ranar 25 ga Yuni 1950, Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi a kawo ɗauki, sarkin da ya san ɗacin a bar mutum shi kaɗai ya amsa. Ya zaɓo dakaru daga masu tsaron fadarsa, aka sa wa bataliyar suna Kagnew, sunan dokin yaƙin mahaifinsa Ras Makonnen. Kada a ce na mai da shi waliyyi: yana da lissafinsa na siyasa, yana neman kusanci da Amurka, ga kuma maganar Eritiriya da ke gabansa a shekarun. Amma sojan da aka tura ba lissafi ya tarar ba. Sun sauka Busan a watan Mayu 1951, aka kai su duwatsun tsakiyar ƙasar, wajen Hwacheon da Cheorwon, inda sanyin hunturu ke daskarar da kogi har mota ta bi ta kai. Cikin ƙasashe 16 da suka aika mayaƙa, Habasha ce kaɗai daga Afirka ta aika sojan ƙasa. Sama da mutum 6,000 suka yi aiki a can rukuni bayan rukuni, fiye da 120 suka mutu, 536 suka ji rauni, kuma ba a kama ko ɗaya a matsayin fursunan yaƙi ba. Daga albashinsu suka tara kuɗi suka riƙe marayun yaƙi.

A 1968 sarkin ya ziyarci Koriya, ya je har Chuncheon inda aka kafa dutsen tunawa da sojojinsa. A shekarar ce aka buɗe gidan gahawar nan. Bayan shekara shida sai duniya ta juya. Wani gungun hafsoshin soja da ake kira Derg suka hamɓarar da sarkin a 1974, suka rungumi gurguzu, suka ƙulla abota da Tarayyar Soviet da Koriya ta Arewa. Dare ɗaya jaruman jiya suka zama mutanen da suka yaƙi abokan gwamnati. Da yawansu suka tsiyace, suka ƙare rayuwa a wata unguwar talakawa a Addis Ababa da har yau ake kira Unguwar Koriya. Shekara 17 ana cikin wannan hali. Da a ce takardar magadan gari ce ke riƙe da zumuncin, da tuni ta zama abin kunna wuta. Abin da ya tsira shi ne dutse a bakin rafi, da gidan gahawa, da mutanen Gangwon da suka taso suna jin cewa wasu baƙaƙen mutane daga wata uwa duniya sun mutu a kan duwatsun nan. Bayan faɗuwar Derg a 1991 aka fara neman juna. Takarda ta zo a 2004, aka kafa dutsen tunawa a Addis Ababa a 2006, gidan tarihin Chuncheon ya buɗe a 2007.

Abin da ya fi burge ni ma ba Chuncheon ce ta yi shi ba. Maƙwabciyarta Hwacheon, gundumar da mutanenta ba su kai 30,000 ba, tun 2009 take ba jikokin waɗannan sojoji tallafin karatu. Ma'aikatanta kan taka har Habasha su ga yaran da idonsu kafin a zaɓa. Ba wani gagarumin kuɗi ba ne in an gwada da abin da manyan gwamnatoci ke shelar bayarwa a taruka. Amma ya daɗe, bai yanke ba, shekara na bin shekara. An ce alheri danƙo ne, ga shi jika yana tsintar abin da kaka ya zubar a 1951.

Na san abin da abokina zai ce, ya kuma faɗa. Ya ce, "To Malam, mu ai ba mu da jini a ƙasarsu. Sai mu naɗe hannu?" Gaskiyarsa. A 1950 Nijeriya da Nijar suna hannun Turawa, hulɗar jakadanci tsakanin Nijeriya da Koriya ta Kudu sai 1980 aka ƙulla ta. Haka Turkiyya, wadda babban birninta Ankara ya zama ƙawar Seoul tun 1971, ita ma da jinin sojojinta a yaƙin Koriya ta sayi wannan matsayi. Ba kowa ke da irin wannan gado ba. Amma darasin ba wai sai an mutu ba. Darasin shi ne akwai abin da ya fara fitowa daga ɓangaren da ake ganin shi ne matalauci.

Matanmu sun riga mu gane wannan. Idan ƙawa ta kawo wa ƙawarta biki ranar suna, ana riƙe lissafi, ranar nata a mayar har a ɗora. Wadda kullum ita ke karɓa ba ta mayarwa, ba a kiran abin da ke tsakaninsu ƙawance, sadaka ce, kuma mai ba da sadaka yakan gaji ko ya sami wani mabuƙacin da ya fi kusa. Saboda haka tambayar da ya kamata a fara yi a ofishin ciyaman ba "me za su ba mu" ba ce. Ita ce, me wancan gari yake buƙata wanda muke da shi? Wannan kuwa ba ya amsuwa sai an san yadda garuruwan Koriya suke a yau, ba yadda suke a fina-finai ba.

Ƙasar tana da ƙananan hukumomi sama da 220, kuma tun 1995 jama'a ke zaɓen shugabanninsu. Suna da matakai biyu na hulɗa da garuruwan waje. Akwai wanda suke kira garin abota, wanda shugaban hukuma zai iya ƙullawa da kansa, akwai kuma cikakken ƙawance, wanda suke kira jamae dosi, ma'ana birane 'yan'uwa mata, shi kuwa sai majalisar kansiloli ta amince. A bisa al'ada da na farkon ake farawa, a yi 'yan shekaru ana kai da kawo, in an ga da gaske ne sannan a ɗaga shi. Kansila a can yana da masu zaɓe a bayansa da 'yan jarida a gabansa, kuma jaridun Koriya sun saba caccakar kansilolinsu kan tafiye-tafiyen shaƙatawa da sunan aiki. Ba zai ɗaga hannu ya amince da garin da bai taɓa jin sunansa ba don kawai an aiko da wasiƙa mai tambari. Mafi yawan ƙawayensu a Sin suke, sai Japan da Amurka da Biyetnam, inda jirgi ke kaiwa cikin sauƙi kuma akwai ciniki a tsakani. Afirka kaɗan ce ƙwarai a jerin.

Babbar damuwar garuruwan karkarar Koriya kuwa ita ce mutane suna ƙare musu. A 2023 ma'aunin haihuwa ya sauka zuwa 0.72 ga kowace mace, ba ƙasar da ta kai ta ƙasa a duniya. Rabin al'ummar ƙasar sun tattare a Seoul da kewayenta. A 2021 gwamnati ta ayyana yankuna 89 a matsayin waɗanda jama'arsu ke zaizayewa, Hwacheon na ciki. Makarantun firamare na rufewa, jami'o'in larduna na neman ɗalibai ido rufe, har gwamnati ta sa burin kawo ɗaliban waje 300,000 kafin ƙarshen 2027. Gonaki kuma ba masu aiki. Mu da yara suka yi wa aji yawa, su da aji ya rasa yara, ko makaho ya shafa ya ji akwai maganar da za a iya yi.

Sai dai nan ne ramin yake, kuma gara a faɗa tun da wuri. Tun 2015, lokacin da aka gwada shi a gundumar Goesan, Koriya na da tsarin ɗauko 'yan ƙwadagon gona na ɗan lokaci, yanzu har zuwa wata takwas. Ɗaya daga manyan hanyoyinsa ita ce yarjejeniya tsakanin ƙaramar hukumar Koriya da takwararta ta waje. Ka ga ke nan takardar ƙawance ta zama ƙofar biza. Inda duk aka ce biza kuwa, dillalai sun iso. An sami rahotannin masu riƙe wa ma'aikata fasfo, masu yankar kaso mai tsoka daga albashi, har a Janairun 2024 gwamnatin Filifin ta dakatar da tura mutanenta don ta gyara tsarin. Filifin ke nan, ƙasar da ke da ma'aikata guda sukutum ta kula da 'yan ci-ranin ƙetare. Ina ga ƙaramar hukumar da ba ta iya riƙe rajistar ma'aikatanta ba? Ranar da aka ji an buɗe hanyar Koriya, sunayen da za su cika takarda ba na manoma ba ne, na 'ya'yan masu uwa a gindin murhu ne da waɗanda suka biya. Mutum uku su sulale su ɓace a Seoul, shi ke nan an rufe ƙofar, ba ga su kaɗai ba, har ga ɗalibin kirki da zai zo bayan shekara biyar. Ni a ganina duk garin da zai fara hulɗa da Koriya ya cire maganar tura ma'aikata daga bakinsa a shekarun farko, ko da su suka kawo ta.

Akwai wani labari da Koriyawa ke son bayarwa game da kansu, wanda ke nuna yadda suke auna mutum. A 1970 gwamnatin Park Chung-hee ta fara shirin Saemaul, wato sabon ƙauye. Aka raba wa ƙauyuka sama da 33,000 siminti buhu 335 kowanne, aka ce su yi aikin gayya da shi. Bayan shekara aka zagaya aka duba. Kusan rabi sun yi abin kirki, sauran sun raba shi ko sun bar shi ya daskare. Waɗanda suka yi aiki aka ƙara musu buhu 500 da tan guda na rodi, sauran aka tsallake su. Park mai mulkin kama-karya ne, shirin ma akwai tilas a cikinsa, ban kawo shi don yabo ba. Na kawo shi ne don wannan tunani na nan a jinin ma'aikacin gwamnatin Koriya: a ba ka kaɗan, a dawo a duba, sannan a san matsayinka. Idan sun aiko da kwamfuta goma wa makaranta, za su so ganin hoton yara a gabansu bayan shekara, da rahoto, da ranar da aka rubuta shi. Idan suka aiko da imel ranar Litinin, zuwa Laraba suna sa ran amsa. Mutanen da kalmar "maza-maza" ta zama musu kirari ba za su fahimci "ciyaman ya yi tafiya, sai ya dawo" na wata biyu ba.

Wannan ya kawo mu ga ciwon da ke namu ɓangaren. Wa zai riƙe igiyar? A Nijeriya ciyaman yakan yi shekara biyu ko uku, wani lokaci ma kantoma ne da gwamna zai iya cirewa da sanarwar rediyo, abin da ya sa har Kotun Ƙoli ta yi hukunci a kai a Yulin 2024. A Nijar an rusa majalisun garuruwa a Afrilun 2024 aka naɗa masu riƙo. Wanda ya zo ba ya son jin aikin wanda ya tafi. Fayil ɗin yana cikin wata durowa da makullinta ya bi tsohon sakatare. A can Koriya ma ana yawan sauya wa ma'aikata kujera bayan 'yan shekaru, amma wanda ya tashi yakan bar wa magajinsa takardu a jere. 'Yan Nijar sun fi mu sanin wannan harka, domin sun daɗe suna yin ta da garuruwan Faransa: Tasawa da Conflans-Sainte-Honorine, Dogon Dutsi da Orsay. Abin da ya riƙe irin waɗannan shekara da shekaru shi ne ƙungiyoyin mutanen gari a ɓangarorin biyu, malamai da ma'aikatan lafiya da manoma da suka san juna da suna. Magajin gari yana zuwa yana wucewa, su suna nan.

Ko da hakan, kada a ɗauka siyasar manya ba ta taɓa ƙawancen ƙanana. Tana taɓawa, kuma Koriya na da zafi a wasu wurare. Lardin Gyeongsang ta Arewa ya ƙulla da lardin Shimane na Japan a 1989. A 2005 Shimane ta ware rana ta musamman don jaddada ikirarinta kan wasu 'yan tsibirai da Koriya ke kira Dokdo, Japan ke kira Takeshima. Nan take Koriyawa suka yanke hulɗar. Osaka ta Japan kuma ta raba gari da San Francisco ta Amurka a 2018, bayan shekara 61, saboda mutum-mutumin tunawa da matan Koriya da Sin da Filifin da sojojin Japan suka bautar a lokacin yaƙi. Hatta Coventry, uwar abin duka, ta jingine hulɗa da tsohuwar Stalingrad a 2022 saboda yaƙin Yukiren. Baƙon da zai je Koriya ya zauna a teburin cin abinci yana yabon Japan ba tare da ya san tarihin mulkin mallakar 1910 zuwa 1945 ba, ya taka wutsiyar maciji bai sani ba. Abin dariya, a gefe guda, shi ne wani abin da ba a ɗauke shi da nauyi ba yakan fi daɗewa. A 1977 magajin garin Tehran ya ziyarci Seoul, aka yi musayar sunayen tituna. Bayan shekara biyu aka kori Shah, sarkin Iran, gwamnati ta canza kakaf, amma Titin Tehran na nan a unguwar Gangnam, ya ma zama matattarar manyan kamfanonin fasaha, Titin Seoul kuma na nan a Tehran.

Sai maganar addini, wadda bai kamata a rufe ta da murmushin diflomasiyya ba. Musulmi 'yan tsiraru ne a Koriya. Limaman rundunar Turkiyya ne suka dasa Musuluncin zamani a can a shekarun 1950, babban masallacin Seoul da ke Itaewon kuma a 1976 aka buɗe shi a filin da gwamnati ta bayar. Amma a birnin Daegu, da ɗalibai Musulmi na jami'ar Kyungpook suka tashi gina ɗan masallaci a unguwa, wasu maƙwabta sun tayar da ƙayar baya, hukuma ta tsayar da aikin a 2021, kuma ko bayan Kotun Ƙoli ta ba masu ginin gaskiya a 2022, sai da aka riƙa ajiye kawunan alade a bakin wurin. Akwai kuma Koriyawan da suka fito suka tsaya wa ɗaliban. Duka biyun Koriya ce. A liyafar girmama baƙo, naman alade da giyar soju su ne kan gaba, kuma a wurinsu zuba wa baƙo abin sha karramawa ce. Wanda bai yi bayani tun kafin ya taso ba, zai sa mai masaukinsa cikin kunya, shi ma ya kwana da yunwa. In aka faɗa musu da wuri kuwa, mutane ne masu son a ce sun iya karɓar baƙo, za su nemo kifi da kayan lambu su cika tebur. A wasu abubuwan ma za mu ga kanmu a cikinsu: girmama na gaba, miƙa abu da hannu biyu, cire takalmi a bakin ƙofa, tambayar shekarun mutum don a san yadda za a kira shi.

To ta ina za a kama? Ta inda zare ya riga ya fito, komai sirantarsa. A 2016 Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar lambar azurfa a wasan taekwondo a gasar Olamfik ta Rio, lambar farko da ƙasar ta samu tun 1972. Shekara ɗaya bayan haka ya zama zakaran duniya, kuma a ina? A Muju, wata gundumar duwatsu a Koriya ta Kudu mai mutane ƙasa da 30,000, inda aka gina babbar cibiyar taekwondo ta duniya. Ita ma Muju tana cikin yankuna 89 ɗin nan da ke neman abin da zai kawo musu baƙi. Ga zare nan a fili. Mai koyar da taekwondo a Yamai ko Maraɗi ko Kano da ke da yara 40 masu atisaye a kan siminti yana da abin da zai faɗa wa mutanen Muju wanda ciyaman ba shi da shi. A Abuja akwai cibiyar al'adun Koriya tun 2010, ana koyar da harshen da wasan a can. Ƙungiyar gwamnonin Koriya tana da shiri mai suna K2H da ke ɗaukar ma'aikatan ƙananan hukumomin ƙasashen waje su zauna kimanin wata shida a ofishin wata hukumar Koriya. Ma'aikaci ɗaya matashi da ya yi wata shida a can, ya dawo da ɗan harshe da lambobin mutane biyar da za su ɗaga wayarsa, ya fi tawagar mutum 15 da za ta yi kwana biyar a otal ta dawo da hotuna. Kuma gari ya nemi tsaransa. Kowa Seoul yake hange, alhali Seoul tana da ƙawaye irin su Tokyo da Alƙahira da San Francisco, wasiƙar ƙaramar hukuma ko buɗe ta ba lallai a yi ba. Gundumar manoma mai mutum 25,000 ita ce za ta yi murnar an san da zamanta.

Wani lokaci ina tunanin mu da muka gaji wasan Kanawa da Zagezagi, da na Gobirawa da Yarbawa, da na Fulani da Barebari, bai kamata a koya mana yadda gari ke abota da gari ba. Ba wanda ya san ranar da aka sa hannu a kan waɗannan, don ba a sa ba. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro kuma ba su taɓa sauka a garin da ba su da maigida ba, mutumin da zai ba su masauki, ya tsaya musu a ciniki, ya san iyayensu, 'ya'yansa su san 'ya'yansu. Sai da aka yi ta tafiya ana dawowa kafin zango ya zama unguwa.

Duk wannan na zayyana wa abokina, har aka kira magariba. Na ce ya koma ya ba ciyaman shawara a ajiye maganar tawaga tukuna. A nemo makarantar sakandare ɗaya mai shugaba tsayayye, ko ƙungiyar 'yan wasa, a bar su su fara rubuta wa takwarorinsu, a ga ko za a iya riƙe musayar saƙo na shekara biyu ba tare da an roƙi komai ba. In yara sun aika zane, ko labarin yadda ake rini a Ƙofar Mata, ko bidiyon atisayensu, aka aiko musu da amsa, to an sami abin da za a kai gaban kansilolin can. Ya yi shiru yana juya makullin babur a hannunsa. Can ya ce, "Malam, maganarka gaskiya ce. Amma in ba tafiya, ba alawus. Wa kake ganin zai sa hannu?"

Kwanaki na haɗu da shi a wajen ɗaurin aure na tambaye shi labarin wasiƙa. Ya ce ya rubuta ta tsaf, shafi biyu, har an buga mata tambari. Wurin sunan garin ne kawai ya bari fili, ana jiran ciyaman ya dawo daga Abuja ya zaɓa.